Muryar Mma a Hannun Ɗan Aike

Hamburg, Fabrairu 2010

Zuwa ga taubashiyata Zuleha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu Bawah da duk mutanen gida. Yaya shago, yaya Dichemso? Ni lafiya lau nake, sai sanyin da ya hana ni sakat. Ki gaishe mini da Mma, ki kuma duba mini ƙafar nan tata da kyau, don in ni na tambaya ba za ta faɗa ba.

Na san laftof ɗin da na aiko ya iso, tunda ba ki yi godiya ba. To, ba kyauta ba ce zalla, aiki zan sa ki. Ni da abokaina biyu muna haɗa wata manhaja a nan. Ba mu fitar da ita ba tukuna, gwaji muke yi. Aikinta bai da yawa: za ta buɗe folda ɗaya a kwamfutarki, ta buɗe irinta a tawa, abin da ke cikin taki shi ke cikin tawa. Muna neman wanda zai gwada mana ita a inda intanet ke rarrafe, ni kuwa na ce ina da 'yar'uwa mai shagon buga takardu da bakin da ba ya ɓoye laifin kowa.

Amma gaskiyar magana, saboda Mma nake so. Kin san halin gwaggonki. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kamawa. In na kira waya, daga "lafiya lau" sai "Allah Ya yi albarka", ta miƙa wa na kusa da ita. A kaset kaɗai take sakin jiki da ni, in ta rufe ƙofa ba mai jin ta. Tun da rediyonta ta lalace ban sake jin hirarta ba, shekaru ke nan. Ki riƙa kai mata laftof ɗin can Zango, ta yi magana a ciki, ki ajiye a foldar. Zai iso ni ba sai an jira matafiyi ba.

Ki rubuto mini duk abin da kika gani, mai kyau da marar kyau.

Naki,
Nasrullah

*

Dichemso, Maris 2010

Malam Nasrullah na Jamus,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, Baba yana amsawa. Godiya kuwa sai ka dawo ka karɓa da hannunka. Ƙafar Mma ta ɗan kumbura, tana shafa man da aka ba ta, ta ce da sauƙi.

Ka ce in faɗi gaskiya, to saurara. Wannan abu naku, ni ɗan aike nake ce masa, kuma ban taɓa ganin ɗan aike mai taurin kai irinsa ba. Da na danna shi sai ya fara mini tambayoyi da Jamusanci. Kun ɗauka duk duniya dangin matan abokanka ne? Na yi ta danna na hannun dama ina bisimilla. Ya kai rabi, aka ɗauke wuta, modem ya mutu. Da wuta ta dawo bai ci gaba daga inda ya tsaya ba, ya koma farko kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Sai a karo na uku ya zauna. Ku gyara wannan, in dai mutanen Kumasi kuke so su yi amfani da shi.

Sannan ba ya faɗa wa mutum komai. Wani ɗan zobe ne ke ta juyawa a gefe, ban san tafiya yake yi ko barci ba. Sai da ya zama kore na ce wataƙila an isa.

Yanzu ga labarin da kake jira. Ranar Lahadi na hau trotro, motar hayar nan tamu, na kai wa Mma. Na yi mata bayani, ta dubi laftof ɗin sama da ƙasa ta ce, "Wannan abu na jin Hausa kuwa?" Na ce har Dagbanci yana ji. Ta shiga ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta sa kwalli. Na ce, Mma, murya kaɗai zai ɗauka, ba a ganinki. Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya kraa, ko kaɗan. Mutum zai yi magana da na nesa da zanen wanke-wanke?" Da na kunna mata na ba ta ɗan makirufon, sai ta nuna mini ƙofa. "Fita, Zule. Ja ƙofan."

Na fita na zauna wajen masu daka a tsakar gida. Kuma kada ka tambaye ni me ta ce, ban saurara ba, ba zan saurara ba. Abin da uwa ta rufe ƙofa ta faɗa wa ɗanta ba nawa ba ne.

In ya iso ka faɗa mini, don zoben nan ban yarda da shi ba.

Zuleha

*

Hamburg, Afrilu 2010

Zuleha,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, da jikin Mma.

Saƙonnin Mma sun iso, duka huɗun! Na farkon na ji shi a tsaye, ko rigar sanyi ban cire ba. Ta yi mini faɗa kan aure, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu tun daga bakin masallaci har ƙarshen layinmu, ta koya mini yadda ake miyar ayoyo kamar ana sayar da ayoyo a Hamburg. Har kukan akuyar gidan na ji a bayanta. Allah Ya saka miki da alheri, ban san da me zan biya ki ba.

Abokaina sun ji daɗin rahotonki ƙwarai, sun ce ke kaɗai kin fi mana masu gwaji goma. Na turo sabon zubi. Yanzu yana jin Turanci, kuma in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ki lura mini da abu uku: tsawon lokacin da zoben ke ɗauka kafin ya zama kore, ko laftof ɗin na yin nauyi in yana aiki, da abin da yake rubutawa in modem ya yanke. Ki kwafo mini rubutun daidai yadda ya fito.

Aiki ya yi mana yawa kwanan nan, wasu masu kamfani za su zo su gani. In kin ji ni shiru, shi ne.

Nasrullah

*

Dichemso, Mayu 2010

Nasrullah,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, kwatar bayan gidan Mma ta cika har ta shigo zaure.

Sabon zubin ya fi na da, yana ci gaba daga inda ya tsaya. Laftof yana nauyi, in ɗan aikenka na aiki ba na iya buga takardar kowa. In modem ya yanke ba ya rubuta komai, zoben ne ke yin toka-toka. Ga amsar tambayoyinka uku, ka kai wa masu kamfani.

Yanzu ni ma ina da tambaya. Wasiƙu biyu na rubuto maka a watan nan, a kowace na ce jikin Mma sai addu'a. Ka amsa mini da layi biyu kana tambayar launin zobe. Kai ba ɗan Zango ba ne? Yaushe ka taɓa jin an ce sai addu'a a kan ciwon ƙafa? Ko sai na rubuta maka da Jamusanci?

Mun kwana biyar a asibiti. Kumburin ya hau har ciki, sun ce zuciya ce. Ta matsa sai an mayar da ita ɗakinta, an mayar. Ba ta cin komai sai koko, shi ma 'yan cokula. Na san takardunka ba su fito ba, in ka fita ba za su bar ka ka koma ba, ba kuma cewa nake ka zo ba. Ita ma ta hana a ce maka ka zo. Amma ka kira, ko "lafiya lau" ɗin ce ka ji.

Shekaranjiya ita da kanta ta aiko a kira ni, ta ce in zo da "rediyon mutumin Jamus". Ba ta iya tashi ta yi wanka ba, amma sai da na ɗaura mata ɗankwali na jingina ta da filo. Ta kore ni kamar kullum. Wannan karon ta daɗe ƙwarai, ya fi duk na baya tsawo. Tun jiya zoben ke juyawa a kansa, na hana kowa taɓa laftof ɗin, na mayar da masu buga takardu wajen maƙwabcina. Yanzun nan da nake rubutu ya zama kore.

Ka bar duk abin da kake yi ka saurara.

Zuleha

*

Zango, Yuni 2010

Ɗan'uwana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya riga ya faɗa maka ta waya, amma ya ce ba ka ce komai ba har layin ya yanke, shi ya sa na rubuto. Allah Ya jiƙan Mma Ajara, Ya sa ta huta, Ya ba ka haƙuri. Ni ma uwa na rasa, a ɗakinta na girma.

Da hantsi ne, ranar Talata. Ina riƙe da kofin koko, ta ce in ajiye tukuna. Ta yi salati, shi ke nan. Ba ta wahala ba, wallahi ba don in kwantar maka da hankali na faɗa ba. An yi mata salla bayan azahar, an kai ta maƙabartar Tafo. Mutane sun cika layin har bakin titi, matan kasuwar Kejetia da ta yi shekaru tana sayar da atamfa a cikinsu sun rufe rumfunansu sun zo. Kowa ya shigo sai ya tambayi ɗanta.

Na rufe shago sai bayan sadakar bakwai. Ka rubuto ko kalma ɗaya ce, shirunka yana ba ni tsoro.

Zuleha

*

Hamburg, Yuni 2010

Zuleha,

Na gode. Allah Ya karɓi addu'a, Ya ba mu haƙuri duka. Ki yi wa Kawu godiya, ki ba shi haƙurin shirun da na yi masa. Lafiyata ƙalau, ina zuwa aiki ina dawowa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Saƙon nan na ƙarshe ban buɗe shi ba. Ranar da ya iso muna tsakiyar shirin masu kamfani, na ce ba zan ji Mma a gurguje ba, sai Asabar in zauna a natse. Kafin Asabar Kawu ya kira.

Yanzu kuma na kasa. Kullum in na dawo sai in zauna in dube shi. Muddin ban buɗe ba, akwai sauran maganar da Mma ba ta yi mini ba tukuna. In na ji, ta ƙare ke nan. Na baya ina ta maimaita su har na haddace, amma wannan na yanke shawara sai ranar sadakar arba'in. Ku kuna can kuna addu'a, ni ina nan ina jin ta. Shi ne nawa zaman makokin.

Nasrullah

*

Dichemso, Yuli 2010

Nasrullah,

Assalamu alaikum. Na ga wasiƙarka, na yi kuka, amma hankalina ya kwanta da na ji daga gare ka. Muna lafiya. Baba ne hawan jininsa ya ɗan tashi, yana shan magani. Shawararka ta yi, ka jira arba'in ɗin ka ji ta a natse.

Na buɗe shago, sai dai wani abu ya same ni ranar Litinin. Wata mata ta kawo hotunan biki in sa mata a faifai. Ina neman inda na ajiye su, hannuna ya kuskure ya danna cikin foldarka, sifika kuwa a kunne. Sai kawai muryar Mma ta cika shagon: "Salamu alaikum, mutumin Jamus." Nasrullah, ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na fizge wayar sifikar daga bango. Matar nan ta san Mma, ta fita da gudu tana salati, kafin la'asar labari ya kai Zango wai an ji Mma Ajara tana magana a Dichemso.

Baba ya kira ni ya zaunar. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Zuleha, wadda ta kwanta dama an rufa mata asiri ke nan. Kayanta mun raba, ɗakinta mun share. Maganar da ta rufe ƙofa ta yi wa ɗanta ba ta zama a shago inda kowa ke shiga. Amana ce aka ba ki ki kai. Kin kai?" Na ce na kai. Ya ce, "To, me ya rage a hannunki?"

Na ga gaskiyarsa. Ko a zamanin kaset, in an ba matafiyi ya kai, ai ba a barin wani a gida. Yau da safe na yi alwala, na yi mata addu'a, na goge nawa duka. Na bi su har kwandon shara na zubar, don kada hannuna ya sake kuskurewa. Naka yana wurinka, kai ne mai shi, kai kaɗai ya kamata ka riƙe.

Ga rahoto kuma, tunda kuna so: wannan karon ɗan aikenka bai yi nawa ba ko kaɗan. Zoben ya juya sau ɗaya ya zama kore. Ka faɗa wa abokanka sun iya aiki.

Zuleha

*

Hamburg, Yuli 2010

Zuleha,

Ki kashe laftof ɗin yanzu. Kada ki ajiye komai a cikinsa, kada ki buga ko takarda ɗaya. Ki kai wa Karimu mai gyaran kwamfuta a Adum, ki ce ya nemo abin da aka goge.

A wurin aiki na karanta wasiƙarki. Ban gama ba na fita da gudu, na bar jakata. Na iso gida na tarar da foldar ba komai. Abin da ke cikin taki shi ke cikin tawa, Zuleha. In kin sa, ya shigo. In kin cire, ya fita. Kwamfutata ba na kashe ta dare da rana, don kada saƙon Mma ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, shi ya sa gogewar ma ta iso nan take.

Na rubuta miki wata wasiƙa kafin wannan, na zazzage miki duk abin da ke cikina, Allah Ya sa ban aika ba. Ba laifinki ba ne, ba na Kawu ba ne. Ban taɓa faɗa miki gogewa ma tana tafiya ba. A wurina abu ne da kowa ya sani, ban tuna ke kaset kika sani ba. Kuma mu muka gina ta ta goge tas, a wurina da kan babbar kwamfutar da ke tsakaninmu, don kada wani ya tono asirin mutane. Da wannan muka yi wa masu kamfani alfahari. Wurin ajiye abin da aka goge bisa kuskure yana cikin abubuwan da muka ce sai zubi na gaba. Ban kwafe su a wani wuri ba, don na yarda da aikin hannuna. Ni da abokaina mun kwana biyu muna tono a nan, ba mu samu ko numfashinta ba.

Na baya suna kaina, ba mai goge su. Na ƙarshen nake nema. In Karimu bai samu ba, don Allah ki tuna. Kina tsakar gida, ƙofar nan tata ba ta rufuwa sosai, na san ta. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba? Ko wasiyya ce, ko faɗa ne, ko ma me ne ne, ki faɗa mini. Ba zan ce kin yi laɓe ba.

Nasrullah

*

Dichemso, Agusta 2010

Ɗan'uwana Nasrullah,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ba wuta ba ce, ba modem ba ne, hannuna ne ya kasa. Jikina lafiya, Baba ma da sauƙi. An yi sadakar arba'in, an dafa wake da shinkafa an raba har masallatai uku, an yi maka addu'a da sunanka.

Karimu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya riƙe laftof ɗin mako guda bai karɓi ko sisi ba. Amma kafin wasiƙarka ta iso na riga na zuba bidiyon bikin mutane biyu a ciki, ya ce sun hau kan wurin. Abin da ya tono ya kunna mini, ƙara ce kawai kamar ruwa a kan kwano. Na sa kunne har kaina ya yi ciwo, babu Mma a ciki.

Ka ce ba laifina ba ne. Na gode, amma yatsana ne ya danna, kuma da alwala na yi, ina ganin alheri nake yi mata. Wannan zai daɗe bai bar ni ba. Baban ma ban faɗa masa ba, don in ya ji shawararsa ce ta jawo, ban san abin da jininsa zai yi ba. Ranar arba'in ya ce mini, "Yau yaron nan zai ji uwarsa." Na tashi na shiga bayan gida na yi kukana.

Ka tambaye ni abin da na ji. Wallahi na zauna da biro zan ƙirƙira maka. Na san irin maganarta, na san abin da kake so ka ji, da na rubuta ba za ka taɓa ganewa ba. Har na fara, sai na yaga. Ba zan sa wa Mma magana a baki ba tana kabari.

Ban ji komai ba, Nasrullah. Ranar ma ba a tsakar gida na zauna ba. Na ga jikinta, na san wannan ba irin na baya ba ne, sai na matsa har zaure don kada ko da kuskure wani abu ya shigo kunnena, na kuma hana yaran gidan wucewa ta ƙofarta. Ni da kaina na tsare maganar nan kada kowa ya ji.

Abin da na gani kaɗai zan iya ba ka. Da na ga ta daɗe ƙwarai na leƙa, na same ta ta gama, tana riƙe da makirufon da hannu biyu a ƙirjinta, don ba ta san yadda ake kashewa ba. Fuskarta a jiƙe take, amma ba fuskar mai fushi ba ce. Ta ce in ba ta ruwa, ta sha da yawa, irin shan wanda ya yi doguwar magana. A ranar ta ci tuwo, rabonta da shi tun kafin asibiti.

Kwana biyun da zoben ya yi yana juyawa, duk wanda ya fito daga Dichemso sai ta tambaye shi ko na ce saƙon ya tafi. Da ya zama kore na rufe shago na hau trotro na je da kaina. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, na ɗauka barci take. Na durƙusa na ce, Mma, ya isa.

Ta ce, "Ya shiga hannunsa?"

Na ce ya shiga hannunsa.

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Na faɗa masa duka. Ba sauran komai a cikina."

Daga nan ba ta sake tambayar laftof ba, ba ta sake tambayar waya ba. Kwanakin da suka rage mata ta yi su cikin natsuwa, tana jan carbi, tana tsokanar masu zuwa dubiya. Ta tafi da sanin ɗanta ya ji ta.

Wannan kaɗai nake da shi, na ba ka. Allah Ya jiƙanta, Ya haɗa ku inda za ta maimaita maka da bakinta.

Taubashiyarka,
Zuleha